Batirin mota ya sauka: yadda ake jona shi lafiya, da yadda ake mayar masa da caji

Tambaya: Na mance fitilun mota a kunne har gari ya waye. Da na murɗa makulli sai ƙas-ƙas kawai nake ji, injin ya ƙi juyawa. Wani abokina ya ce zai jona mini da motarsa, wani kuma ya ce in yi hattara, batir yana fashewa, kwamfutar mota ma tana ƙonewa. Yaya ake yi lafiya? Idan ta tashi kuma, yawo da ita ya isa ya cika batirin?

Amsa: Malam, wanda ya ja maka kunne bai yi ƙarya ba. Batir yana fashewa, kwamfutar mota ma tana ƙonewa. Sai dai ba haka siddan suke faruwa ba, kowanne da sanadinsa, wanda ya san sanadin kuwa zai jona batir hankalinsa kwance. Tambayarka ta biyu amsarta a'a ce. Yawo ba ya cika batirin da ya sauka ƙasa warwas, kuma a ganina nan ne masu mota suka fi tafka asara, ba wajen jonawa ba. Jonawa aron tashi ne kawai. Ainihin aikin yana bayan motar ta tashi.

Kafin ka taɓa waya, ya kamata ka san abin da ke cikin akwatin. Batirin mota har yau yana kan tsarin da Gaston Planté ya ƙirƙiro a Faransa a 1859: farantan dalma a jiƙe cikin ruwan asid. Ɗaki shida ne a ciki, kowanne yana ba da kusan bolt 2.1, shi ya sa lafiyayyen batir mai cikakken caji yake nuna 12.6 ko sama kaɗan, ko da yake sunansa mai bolt 12. Lokacin da wuta ke shiga cikinsa, musamman idan ta yi ƙarfi, wani ɓangare na ruwan yana rabuwa ya zama iska, cikinta har da haidirojin. Wannan iska ba ta da launi, ba ta da wari, kuma da ta kai kashi 4 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa ya kunna ta. Wutar kan bi ta hujin numfashin batir ta shiga ciki, murfin ya tarwatse, asid ya fantsamo a fuskar wanda ya sunkuya a kai. Duk ƙa'idar jona batir, idan ka bi diddiginta, ƙoƙari ne na raba tartsatsi da wannan iska.

Abu na biyu shi ne ƙarfin wutar. Bolt 12 ba ya jan mutum, za ka riƙe kan batir da hannu ba ka ji komai ba, wannan ne ma yake sa a raina shi. Amma batirin yana iya zubo ɗaruruwan amfiya, wato ma'aunin yawan wutar da ke gudana, a ƙiftawar ido idan ƙarfe ya haɗa kawunansa biyu. Sifana takan yi ja, zobe yakan ƙona yatsa har tsoka. Saboda haka cire zobe, agogon ƙarfe da sarƙa kafin ka buɗe bonet. Sa tabarau, ko da na rana ne, ya fi babu. Mai shan sigari ya matsa can nesa.

Daga bayaninka, batir ne. Ƙas-ƙas ɗin nan ƙarar makunnin kik ne, wato na'urar da ke juya injin wajen tayarwa, yana kamawa yana saki domin wutar ba ta isa ta riƙe shi ba, kuma za ka ga fitilun dashbod suna dusashewa duk sanda ka murɗa. Da a ce fitilu suna haske tangaran amma injin shiru, da sai mu zargi kik ko wayarsa. Da kuma injin yana juyawa da sauri amma ya ƙi kamawa, ba ruwan batir, matsalar mai ce ko wutar fulogi, jonawa ba za ta yi komai ba. Ka kuma girgiza kawunan batirin da hannu. Sau da yawa kai ne ya saki, ko farin gari mai ɗan kore-kore ya cinye shi, a goge a ɗaure mota ta tashi ba tare da an nemi kowa ba.

Sannan ka dubi batirin da kyau. Idan ya tsage, ko ruwa yana yoyo, ko gefensa ya kumbura, ko yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, ko ya yi zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai, kada ka jona, kada ka caja. Wannan ya gama aiki, sai canji. Masu zama a ƙasashen ƙanƙara suna da ƙari: batirin da ya sauka ruwansa yana daskarewa da wuri, wanda ya daskare kuwa ba a jona shi sai ya narke.

Motocin biyu dole ƙarfin wutarsu ya zo ɗaya. Manyan motocin ɗaukar kaya da yawa kan bolt 24 suke aiki, batir biyu a jere. Ka jona irin wannan da ƙaramar mota, ka ƙona mata kwararan fitila da kwamfuta a lokaci guda. Karanta abin da aka rubuta a jikin batir, kada ka yi zato.

Wayar jonawa ita ma abin dubawa ce. Kik na motar fetur yana jan amfiya 150 zuwa 300 lokacin tayarwa, na dizal ya fi haka. Siririyar waya ba za ta ɗauki wannan ba, zafi za ta yi ta narke robarta, motar kuma ba ta tashi ba. Nemi mai kaurin murabba'in milimita 16 don ƙaramar mota, 25 don babba, 35 don dizal. Kada kaurin roba ya ruɗe ka: akwai wayoyin da robarsu ta yi kauri amma ƙarfen ciki ɗan ƙanƙani ne. Duba wajen da wayar ta shiga mamatsi za ka ga gaskiyarta. Guntayen wayar wutar gida da ake riƙewa da hannu a danna a kan batir kuwa, ban yarda da su ba ko kaɗan, domin tartsatsinsu a kan batirin yake tashi, fuskar mai riƙewa kuma tana wajen.

To, ga yadda ake yi. A kawo motar mai lafiya kusa yadda waya za ta kai ba a ja ta ba, amma jikin motocin kada ya taɓa juna, domin jikin mota shi kansa hanyar wuta ne. A ja birkin hannu, atomatik a sa ta a P, mai kuloci a cire ta daga giya. A kashe injin duka biyu, a kashe fitilu, rediyo, na'urar sanyi, a zare cajar waya. Nemo alamar tarawa (+) da ta debewa (−) a jikin kowane batir. Kada ka dogara da launin wayar motar, domin wani mai gyara ya iya canza ta da abin da ya samu. Alamar da ke jikin batir ita ce shaida, kuma kan tarawa ya ɗan fi na debewa kauri.

Ɗauki jar waya, matse baki ɗaya a kan tarawa na mataccen batir. Ɗaya bakin ka matse shi a kan tarawa na batir mai lafiya. Tsakanin waɗannan biyun ka lura, bakin da ke hannunka kada ya taɓa ƙarfen mota. Sai baƙar waya: baki ɗaya a kan debewa na batir mai lafiya. Baki na huɗu, na ƙarshe, shi ne wurin da ake kuskure. Ba a kan mataccen batir ake matse shi ba. Nemi ƙarfe mai kauri marar fenti a jikin injin motar da ta mutu, kamar kunnen da ake rataya injin da shi ko wani babban noti, nesa da batir, nesa da bututun mai, nesa da fanka da fanbel. Motoci da yawa an tanadar musu wuri na musamman don wannan, littafin motar zai nuna maka.

Dalilin shi ne, matsewar ƙarshe ita ce take rufe da'irar wuta, don haka ita ce take tartsatsi. Uku na farko ba sa yi. Tunda ba makawa sai tartsatsin ya tashi, sai a kai shi inda babu haidirojin. Jikin injin kuwa a haɗe yake da kan debewa ta wata waya mai kauri, wuta za ta isa inda ake so, har ma ta fi saurin isa ga kik, tunda shi ma a jikin injin yake ɗaure. Akwai ƙarin dalili a sababbin motoci: da yawansu suna da wata 'yar na'ura a kan debewa da take ƙidaya wutar da ke shiga da fita. Idan ka matse a kan batir kai tsaye ka tsallake ta, kwamfuta ba ta san an ƙara caji ba. Za ka ji masu cewa sun shekara suna matsewa a kan batir ba abin da ya same su. Gaskiya ne, ba kullum iskar take taruwa ba. Amma ranar da ta taru ido ne a bakin asara, matsar da mamatsi zuwa jikin injin kuwa bai ɗauki daƙiƙa goma ba.

Idan wayoyin sun zauna daram, a tayar da motar mai lafiya. Kada ka yi gaggawar murɗa taka. Bar su haka minti biyar, idan batirin ya sauka sosai har goma, mai motar ya ɗan taka totur kaɗan, ba sai ya cika unguwa da ƙara ba. Wannan jiran yana sa mataccen batir ya ɗan farfaɗo, sai ya taimaka wajen juya injin, maimakon ya zama shi ma yana shanye wutar da ke zuwa. Daga nan ka murɗa. Kada ka riƙe makulli ya wuce daƙiƙa 10. Idan ba ta kama ba, bar kik ya huce kamar minti ɗaya, ka motsa mamatsan su ciji ƙarfe sosai, ka sake. An gwada sau uku ko huɗu ba labari, a dakata, akwai wata matsalar. Ci gaba da murɗawa kik zai ƙona, ba motar zai tayar ba. Idan ka ga hayaƙi, ko waya ta yi zafi, a kashe komai nan take.

Ta tashi, ka bar su a jone minti biyu ko uku. Kafin cirewa yana da kyau ka kunna fankar cikin motarka, domin ta shanye ɗan tsallen da wuta kan yi lokacin rabuwa. Sai ka cire a juye: baƙa daga jikin injinka, baƙa daga batir mai lafiya, ja daga batir mai lafiya, ja daga naka. Mamatsan kada su haɗu da juna muddin wani baki yana kan batir. Kula da hannun riga da wayoyin kusa da fanka, domin fankar lantarki tana tashi da kanta ba sanarwa. Idan a cikin gareji kuke, a buɗe ƙofa, hayaƙin salansa yana kisa a rufaffen wuri.

Maganar ƙonewar kwamfuta, abu biyu ne suke kawo ta. Na farko juya waya, wato a haɗa tarawa da debewa. Daƙiƙa ɗaya ta isa. Idan an yi sa'a babban fiyus ne zai tsinke, idan ba a yi ba, altaneto, wato na'urar da ke caja batir idan injin yana aiki, ya tafi, kwamfuta ta bi shi. Yawanci da dare ake yin wannan kuskuren, ko cikin sauri, ko mutum biyu kowa ya riƙe baki ɗaya yana zaton ɗayan ya duba. Mutum ɗaya ya yi duka matsewar, da tocila a hannu.

Na biyu shi ne wanda ya fi damuna, domin har masu gyara suna yi: cire kan batir injin yana aiki. Wasu suna yi don su gwada ko altaneto yana caji, wasu kuma su ɗora batirin aro su tayar da mota, sannan su cire shi su mayar da mataccen injin bai mutu ba. Batir shi ne yake danne wutar altaneto ta tsaya a daidai. Ka zare shi lokacin da altaneto ke tsakiyar aiki, wutar takan yi tsalle ta ninka bolt 12 sau da yawa na ɗan lokaci, duk wata na'ura da ke kan layi ta sha. A motocin da, masu kafireto, an sha yi an tsira domin babu abin ƙonewa sosai. A motar yau wannan caca ce da kwamfutar injin, ta giya da ta birki. Mitar awon wuta tana ba da amsar da ake nema ba tare da an cire komai ba.

Wasu motocin batirinsu yana cikin but ko ƙarƙashin kujera. Irin waɗannan galibi akwai wurin jonawa a ƙarƙashin bonet, da jan murfi mai alamar tarawa, da shi ake amfani. Mota mai haɗa fetur da lantarki, da mai lantarki zalla, su ma suna da ƙaramin batir mai bolt 12, kuma ana jona shi idan ya sauka bisa yadda littafinsu ya faɗa. Amma kada a ɗauke su a ce za su tayar da wata motar, yawancin kamfanoni sun hana. Wayoyinsu masu ruwan lemo kuwa ɗaruruwan bolt ne a ciki, ba a taɓa su sam. Ƙaramin akwatin tayar da mota mai batirin litiyam abu ne mai amfani, masu kyau daga cikinsu suna ƙin ba da wuta idan an juya waya. A riƙa caja shi lokaci-lokaci, kuma kada a bar shi yana gasuwa a cikin motar da ke tsaye a rana. Turi kuma na mai kuloci ne kaɗai, a giya ta biyu, kuma idan batirin ya mutu murus ba zai yi ba, tunda famfon mai da kwamfuta suna bukatar wuta kafin injin ya kama. Ka tuna birki da sitiyari suna tauri kafin injin ya tashi. Atomatik ba a tura ta.

Yanzu ga inda na ce an fi asara. Mota ta tashi, mutum ya zaga minti 20, ya kashe, ya murɗa ta tashi, sai ya ce batir ya cika. Bari mu yi lissafi. Tayarwa ɗaya, a ce amfiya 200 na daƙiƙa 3, bai kai kashi ɗaya cikin biyar na amfiya-awa guda ba, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa. Batirin ƙaramar mota kuwa yana ɗaukar kamar amfiya-awa 60. Ka ga ke nan batirin da bai kai ko rabi ba zai iya tayar da injin mai ɗumi cikin sauƙi. Tashin mota ba ya nuna batir ya cika, yana nuna kawai akwai ɗan abin da ya isa tayarwa. Altaneto an yi shi ne don ya mayar da ɗan abin da kik ya ci, ya kuma ciyar da fitilu da na'urori. Batirin dalma yana karɓar caji da sauri da farko, yana ƙaruwa karɓarsa tana raguwa, kashi na ƙarshe sai an ba shi awanni. Barin mota tsaye injin yana aiki a hankali ya fi komai rashin amfani, domin a lokacin altaneto bai ba da ƙarfinsa ba. Ɗora masa mataccen batir kuma yana sa shi zafi, yana rage masa kwana.

Abin da ke faruwa ga batirin da aka bari rabi-rabi shi ne ainihin ɓarnar. Idan batir yana sauka, asid ɗin yana haɗuwa da dalma ya zama wani farin gishiri a jikin faranti. Idan aka caja da wuri, gishirin yana narkewa ya koma asid, komai ya dawo. Idan aka bar shi kwanaki da makonni, sai ya sandare ya ƙi narkewa, wurin da ya rufe ya mutu ke nan. Haka batirin da ya kamata ya yi shekara uku zuwa biyar yake ƙarewa a 'yan watanni, mai shi ya ce an sayar masa da jabu. Batirin tayar da mota ba a yi shi don sauka ƙasa ba, farantansa sirara ne, kowace sauka tana cin wani abu daga rayuwarsa. Zafi ma yana ƙara hanzarta lalacewarsa.

Saboda haka, yau ɗin nan ko gobe, a ɗora shi a kan caja. Ƙa'idar da ake bi ita ce kashi ɗaya cikin goma na girmansa: batir mai amfiya-awa 60 a ba shi amfiya 6. Idan ya sauka ƙasa zai ɗauki awa 12 ko fiye, domin ba duk wutar da ta shiga take zama caji ba. Cajin gaggawa da wuta mai ƙarfi yana tafasa ruwan, yana zubar da abin da ke jikin faranti, yana cika wurin da haidirojin. Batirin zai nuna kamar ya cika, bayan kwana biyu ya sake kwanciya. Na fi son caja mai sarrafa kanta, wadda take turawa har wuta ta kai kusan bolt 14.4, ta tsaya a nan tana rage amfiya a hankali, sannan ta sauko wajen 13.5 ta riƙe. Tsohuwar caja marar sarrafa kai sai an tsaya a kanta, idan aka mance za ta dafa batirin. Idan an rubuta AGM a jikin batirinka, wato wani nau'in rufaffen batir da ake samu a motoci da yawa da injinsu ke mutuwa da kansa idan an tsaya, zaɓi tsarin AGM a cajar, kuma kada ka yi ƙoƙarin buɗe shi.

A yi cajin a wuri mai iska, nesa da wuta da yara. Caja tana zare daga soket za ka matsa wayoyinta, ja a tarawa, baƙa a debewa, ko a jikin injin idan batirin yana cikin mota. Sannan ka soka ta. Wajen gamawa ka fara zare ta daga soket, ka ɗan jira, kana ka cire mamatsan. Dalilin dai shi ne na ɗazu, sai ma ya fi ƙarfi a nan, domin batirin da ya gama shan caji shi ne ya fi kowanne iska a kansa. Kana yi kana taɓa gefensa. Ɗumi ba laifi, amma idan ya kai wajen digiri 50, wato hannu ba ya jurewa, a kashe a bari ya huce.

Idan za ka sauke batirin daga mota, fara kwance kan debewa, wajen mayarwa kuma shi ne na ƙarshe. Muddin debewa yana ɗaure, duk jikin motar wuta ne ga kan tarawa, sifana ta goce ta taɓa ƙarfe sai walda. Ka sani kuma wasu motocin suna mance saitin rediyo da na gilasai idan aka cire batir, wasu ma sai an shaida wa kwamfutarsu cewa an sa sabo.

Batir mai murafai da ake buɗewa, leƙa ciki kafin caji. Idan farantai sun fito fili, ƙara ruwa ya ɗan rufe su kawai, cikon sai bayan caji, domin ruwan yana ɗagawa idan ya yi ɗumi. Tataccen ruwan da aka yi don batir ake zubawa. Ruwan famfo da na rijiya suna da ma'adinan da ke lalata faranti. Asid kuwa ba a ƙara shi, domin ruwa ne yake ƙafewa, asid ɗin yana nan. Zubar da ruwan batir a cika shi da sabon asid yana sa ya yi kamar ya farfaɗo na ɗan lokaci, amma ƙarasa farantan yake yi. Idan asid ya taɓa fata a wanke da ruwa mai yawa. Idan ido ne, a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 15, sannan a tafi asibiti ba jinkiri.

Wani abu da kan ruɗa mutane: caja mai sarrafa kanta wani lokaci tana ƙin farawa idan batir ya sauka ƙwarai, domin ba ta ganin akwai batir a bakinta. Wasu suna da maɓallin tilastawa. Idan babu, a jona shi da lafiyayyen batir na ɗan lokaci har wutarsa ta ɗago, sannan a ba cajar.

Bayan caji, bar shi ya huta awanni, in da hali ya kwana, kafin ka auna, domin awon da aka yi nan take yakan nuna fiye da gaskiya. Idan mita ta nuna 12.6 ko sama, ya cika. 12.4 kusan kashi uku cikin huɗu ne, 12.2 kusan rabi, 12.0 kuwa saura kaɗan ya ƙare. Ka lura yadda tazarar take ƙanƙanuwa: tsakanin cikakke da wanda ya kusa mutuwa ɗan abin da ya wuce rabin bolt ne. Idan an caja shi ya kwana ya faɗo wajen 10.5, ɗaki ɗaya ya lalace, ba cajin da zai gyara shi. Sai gwaji na biyu: mita tana kan batir wani ya murɗa makulli, kada ta faɗi ƙasa da 9.6. Na uku, injin yana aiki, ya kamata ka ga wajen 13.8 zuwa 14.7. Ƙasa da 13 a duba altaneto da fanbel, ko da yake wasu sababbin motoci suna rage cajin da gangan idan batir ya cika. Sama da 15 kuwa altaneton yana dafa batir ne, a gyara shi kafin a sa sabo.

Kai ka san abin da ya saukar da naka, fitila ce. Wanda nasa yake sauka ba dalili ya sa mai gyaran waya ya auna wutar da motar ke ja bayan an kashe an kulle ta, an bar na'urorinta sun yi barci. Ƙasa da miliamfiya 50 ba damuwa. Fiye da haka akwai abin da ke sata, kuma yawanci kayan da aka ƙara ne daga baya, rediyo, na'urar bin sawu, ko fitilar but da ta ƙi mutuwa.

Batirinka dare ɗaya ya yi a ƙasa. Idan bai tsufa ba, kuma aka ba shi cajin hankali cikin kwana ɗaya ko biyu, mai yiwuwa ne ƙwarai ya dawo aiki sosai. Idan ya haura shekara uku, ko wannan ba shi ne karo na farko ba, ka sa a gwada shi da na'urar ɗora nauyi bayan cajin, kafin ka amince masa da doguwar tafiya. In ya faɗi gwajin, ka miƙa tsohon inda ka sayi sabo ko ga masu sake sarrafa shi da izini, kada a fasa shi a gida ko a zubar da ruwansa a ƙasa, domin dalmar da ke ciki guba ce, kuma yara ta fi yi wa illa.